Ranar da Kwamfutar Ɗan Juma Ta Auna Alhaji

A karar shanu ta Talata Mafara babu wanda bai san Ɗan Juma dillali ba. Wanda bai taɓa ganinsa ba ya ji muryarsa. Gajere ne mai faɗin ƙirji, hularsa kullum a karkace, kuma a bakinsa babu abin da bai iya ba a duniyar nan. In ana zancen jirgin sama, ya taɓa ba matuƙi shawara. In ana zancen tiyata, sai ya ce ai fiɗa ce, bambancin kawai likita yana mayar da kayan ciki ya ɗinke. Dillanci kam ya iya, don in ya dafa tozon sa ya yi masa kuɗi da wuya ya kuskure. Sauran duk baki ne.

Wata shekara, bayan babbar Salla, ya je Gusau ya dawo da kwamfutar hannu 'yar gwanjo cikin baƙar jaka. Bai zarce gida ba, sai ya sauka a tukubar Sadi mai tsire, ɗan kawunsa kuma abokin wasansa, inda dillalai da rundawa, wato mahauta, ke taruwa bayan La'asar. Ya ture faranti, ya goge benci da hannun riga, ya buɗe ta.

"Ku dibi nan da kyau," in ji shi. "Daga yau wahala ta ƙare. Hanyoyin ga ba lahiya, makiyayi na tsoron shi koro shanu tun daga Gidan Goga, shi zo kara a ƙi saye, shi sake komawa da su. To ni zan bi su har gida, in ɗauko hoton kowane sa, in zuba cikin wagga. Barunde shi zamna inuwa shi zaɓi nai, kamar mai zaɓen hula."

Sadi ya juya tsire ya ce, "In barunden na son taɓa tozo fa?"

"Shi taɓa gilashi."

Aka yi dariya, amma wasu suka gyaɗa kai, don in an bi gaskiya shawarar ba ta da laifi. Laifin ya fara ne daga wani ɗan akwati.

Ƙanwarsa Taiba, wadda ke koyar da kwamfuta a makarantar sakandare a Kaya, ita ta shirya masa injin. To duk lokacin da zai saka wani sabon abu a ciki, sai allon ya yi duhu, a ji wata 'yar ƙara, wani akwati ya fito tsakiya da Turanci yana tambaya: ka yarda wannan abu ya taɓa kayan cikin kwamfutarka? E ko a'a. Rana ta uku abin ya faru a gaban mutane. Sadi ya leƙo ta kafaɗarsa da wuƙa a hannu.

"Mi tac ce?"

"Tambaya ta ka yi, ko na yarda."

"Au! Ashe ita ma ta san ka. Kwana ukku kacal, har ta gane ba a barin ka ka yi abu kai kaɗai."

Dariyar da aka yi ranar ta bi Ɗan Juma har gida. Ranar Asabar da Taiba ta zo gaishe da mahaifiyarsu, ko mayafi ba ta cire ba ya dire mata kwamfutar a cinya.

"Cire min wanga akwati. Har abada."

"Yaya, ai shi ne mai gadinta. Duk abin da zai shiga sai ya tsaya ya tambaye ka. In ba kai ka kira shi ba, ka ce a'a."

"Ni da kayana? Na saye ta da gumina, ta riƙa tsare ni kamar shingen hanya? Jakina ma bai tambayata in na ɗora mai kaya."

"Jakinka ba ya shiga intanet, Yaya."

"Za ki cire ko ba ki cirewa?"

"Ka yi haƙuri. Wannan kam ba da hannuna ba."

"To ki riƙe iliminki. Ni ma ina da ido."

Ya kwashe wuni guda yana lalube a waya har ya dace da bidiyon wani mutum mai nuna yadda ake yi. Bai ji ko kalma ɗaya a Turancin mutumin ba, amma ya bi yatsarsa. Ya sami wata 'yar alama mai hawa da sauka, ya kamo ta ya ja har ƙasa, inda aka rubuta kada a sake tambaya. Sai allon ya yi duhu, akwatin ya fito, yana tambaya ko ya yarda a daina tambayarsa.

"La ilaha illallahu! Har a bakin ƙofa sai kin yi gardama?"

Ya danna E da ƙarfin da sai da kwamfutar ta zame daga kan tabarma.

Washegari ya isa tukubar Sadi yana tafiyar ƙasaita. "Na hore ta," in ji shi. "Yanzu ko tari ba ta yi sai in na yi."

A cikin makon ne wani ya turo talla a zauren waya na 'yan kasuwa: wai akwai manhajar da ke auna nauyin dabba daga hoto, kyauta. Ga saniya a tallan, ga lambobi suna yawo a jikinta. Ɗan Juma ya ga sikelin duniya ya zo masa har gida. Ya sauke ta, ta shige shiru, babu duhu, babu ƙara, babu tambaya. Ya yi murmushi ya shafa murfin kamar mai shafa wuyan rago. Da safe ya buɗe ya tarar da sababbin alamomi goma sha ɗaya a allon, wata kamar tsintsiya, wata kamar garkuwa, wata kuma kyanwa ce sanye da tabarau.

Sadi ya ce, "Waɗanga fa? Haihuwa ta yi?"

"Kyauta ce. Kamfani in sun ga babban mutum, ƙari suka yi mai."

Ranar Alhamis ya hau babur zuwa Bakura, wurin Kamilu mai kiwon turke, mutum mai sanyin hali wanda ke da bijimai biyu a garke bayan gidansa. Bayan doguwar gaisuwa, an tambayi gida, an tambayi gona, an tambayi gajiya, Kamilu ya ce ai yana da hotunansu a waya. Ya zare memori ya miƙa masa. Ɗan Juma ya soka shi a kwamfuta, ya kwafe, sannan ya ce bari ya nuna masa abin mamaki. Ya juya kyamarar wajen babban bijimin. Wani koren layi ya zagaye dabbar, lamba ta fito: kilo goma sha huɗu.

Kamilu ya dubi bijimin, wanda ƙofar garken ma da ƙyar yake wucewa. "Sha huɗu?"

"Kilon Turai ne. Nauyi garai."

Kaza ta gifta ta gaban kyamarar. Koren layin ya bar bijimi ya bi ta: kilo ɗari biyu da shida.

"To ita kuma wagga kilon ina ne?"

"Kazarka ce ta shiga aikin da ba nata ba," in ji Ɗan Juma, ya rufe da sauri.

Kamilu ya mayar da memori cikin waya, ya latsa, ya sake latsawa. Fuskarsa ta canza. Babu bijimai, babu hotunan aikin Hajjin da ya yi bara, babu muryar mahaifiyarsa da ya ɗauka tana yi masa addu'a kafin ya tashi.

"Ɗan Juma, ina hotunan Arfa?"

"Suna nan ciki. Hutawa suka yi."

"Hoto na hutawa?"

"Na zamani na yi. Ka zo Mafara ran Talata, in tashe ma su gaban jama'a."

Ya tayar da babur kafin a ƙara wata tambaya.

Ranar Asabar ya nufi Maradun. A can gefen gari akwai Malam Abdulhamid, dattijon makiyayi wanda tun zamanin mahaifin Ɗan Juma suke hulɗa. Yana da bijimai biyar 'yan gudali, farare ƙal, kowanne tozo kamar tulu. Ya yanke shawarar sayar da su don ya maido iyalinsa cikin gari, kuma ya riga ya shirya masu koro su zuwa kasuwar Talata.

"Baba, ka sallame su," in ji Ɗan Juma. "Mi za ka wahal da dabbobi, su rame a hanya? Alhaji Nasidi, shugaban rundawa, da kai nai zai zaɓa cikin wagga, ran Laraba mota ta zo ta ɗauka."

Dattijon ya daɗe yana kallon kwamfutar, wadda ke huci tana fitar da zafi kamar tanda.

"Ɗana, kwana bakwai da nisa ga mai shanu a bakin daji. In wagga Talata ta wuce ni, ban san abin da zan tarar kahin wata ba."

"Ba ta wuce ka. Ni ne fa."

"To, na yarda da kai kamar yadda na yarda da mahaihinka."

Ɗan Juma ya ɗauki hotunan da wayarsa, gaba da baya da gefe, ya tura su kwamfuta. Sannan, don dattijon ya ga irin amanar da ke tsakaninsa da injinsa, ya goge na wayar a gabansa, ɗaya bayan ɗaya.

Ranar Talata tun da hantsi rumfar rundawa ta cika. Ɗan Juma ya aro babban talabijin daga gidan kallon ƙwallo, ya aro lasifika da janareta, ya sa sabuwar shadda. Masu awaki sun bar awakinsu, masu fura sun matso da ƙwarya a kai. A gaba, kan kujerar roba guda biyu da aka haɗa wuri ɗaya don ɗaya ba ta isa ba, Alhaji Nasidi ne shugaban rundawa, mutum mai jiki da kwarjini, wanda ba a cika ganin haƙoransa ba.

Ɗan Juma ya ɗauki makirfo. "Jama'a, yau za ku ga abin da ko Gusau ba a gani ba. Wagga kwamfuta, da nas saye ta, gardama gare ta. Komi sai ta tambaya. Na zamna na gyara mata zama. Yanzu ba ta tambayar kowa komi."

Ya danna. Gudalin farko ya cika talabijin, fari sol, yana kallon jama'a. Rumfa ta ɗauki "Masha Allah!" Alhaji Nasidi ya gyara zama, ya miƙa wuya.

Sai wani hoto ya faɗo daidai kan san: ƙaton sanƙon wani Bature, da kwalbar magani a gefe.

"Wanga kuma na cikin garken?" in ji Sadi daga baya.

Ɗan Juma ya rufe shi. Uku suka buɗe. Ɗaya na maganin tumbi, ɗaya na wata mota tana juyawa, ɗaya kuma keken caca mai walƙiya. Ya rufe biyu, shida suka fito. Lasifika ta fashe da kiɗa, muryar wata mata ta shiga surutu da Turanci tana tafi.

Alhaji ya ɗaure fuska. "Mi taka cewa?"

"Gaishe ka ta ka yi, Alhaji. Ta ce ina gajiya."

"Ka ce mata ba gajiya. Ina shanu?"

"Ga su nan tahe."

Gumi ya fara bin bayan sabuwar shadda. Yana danna nan yana danna can, kibiyar allon kuma tana tafiya inda ta ga dama. Can sai tallace-tallacen suka ja gefe da kansu, wata 'yar fitila ta kunnu a saman kwamfutar. Manhajar awo ce ta buɗe kyamara ba tare da ta nemi iznin kowa ba. Kwamfutar kuwa tana fuskantar kujerun gaba.

Alhaji Nasidi ya bayyana a talabijin, shi da babbar rigarsa da carbinsa. Koren layi ya zagaye shi tsaf. Lambobi suka yi ta gudu, suka tsaya: ɗari huɗu da goma sha biyu. A ƙasa wani rubutu ya fito.

Rumfar ta yi tsit. Ba a jin komai sai janareta.

"Mi anka rubuta nan ƙasa?" in ji Alhaji a hankali.

"Lambar waya ce, Alhaji."

"Sadi, kai ka yi sakandare. Karanta."

Sadi ya matso, ya karanta a zuci, ya cije leɓe. "Alhaji, a yi min aikin gafara."

"Karanta nac ce."

"Ta ce... saniya ce. Lahiyayya. Da cikin wata bakwai."

Wata mai fura ce dariya ta fara kamawa. Ta yi ƙoƙarin dannewa, abin ya fito mata ta hanci, daga nan rumfa ta kece. Dattawa suka rufe fuska da hula, wani barunde ya durƙusa yana dukan ƙasa, wani ya fita da gudu don kada a ce da shi aka yi. Ɗan Juma ya yi tsalle ya juyo kwamfutar wajen kansa don ya kare Alhaji. Koren layin ya kama shi: kilo tara.

"Ɗan akuya," Sadi ya karanta, ba tare da an tambaye shi ba. "Yana bukatar maganin tsutsa."

Wannan karon har kafaɗun Alhaji sai da suka motsa.

Ɗan Juma ya daki maɓallai da tafin hannu biyu. Allon ya yi ja wur, hoton ƙaton kwaɗon kulle ƙofa ya fito a tsakiya, lasifika ta shiga jiniya. Ya nemi gudali, babu. Ya nemi bijiman Bakura, babu. Kowane hoto ya koma farar takarda da kwaɗo a jiki. Wani ya yi dabara ya kashe janareta, jiniyar ta mutu.

A cikin shirun ne Kamilu ya ratso jama'a da memori a tafin hannu. "To ga ni. A tashe min su."

Kafin Ɗan Juma ya sami abin cewa, ya hango Malam Abdulhamid a bakin rumfa, riƙe da sanda, ƙafafunsa fari fat da ƙura. Ashe ya biyo motar safe don ya ji yadda ciniki ya kaya. Shi bai yi dariya ba. Ya dubi baƙin talabijin, ya dubi Ɗan Juma.

"Ɗana, an zaɓa?"

Karo na farko tun da aka san shi a kara, Ɗan Juma ya sunkuyar da kai a gaban jama'a. Ya cire hula ya riƙe a hannu. Da ƙyar ya ce, "Baba, na ɓata. Hotunan sun tahi. Kuma ni nac ce ka sallami masu koro."

Alhaji Nasidi ya tambayi abin da ke faruwa, aka yi masa bayani. Ya miƙe, kujerun biyu suka biyo shi sai da aka ɓamɓare su. Ya gaisa da dattijon hannu biyu, sannan ya juyo.

"Wanga bawan Allah ba shi yin asara don haukarka. Direbana ya tahi Sakkwato da mota. Ina babur ɗinka?"

"Yana nan, Alhaji."

"Tashe shi. Ni da kai, Maradun, yanzu. Malam shi biyo mu a motar haya. In gani da idona, in taɓa da hannuna."

Labarin kwamfutar gajere ne. Kamilu ya rungume ta ya ce ba ya saki sai Arfa ta dawo, Sadi kuma ya kira Taiba a waya. Da ta zo ta duba memorin a tata kwamfutar, sai ta tarar hotunan Hajji da muryar tsohuwa ɓoye su aka yi, ba a goge ba, ta fito masa da su cif. Na cikin injin yayanta kuwa sun tafi ke nan. Sai da ta wanke ta tas ta sake zuba komai, kuma ba ta ce da kowa ai na faɗa ba, abin da ya fi yi wa Ɗan Juma ciwo daga baya.

Su kuwa sun isa Maradun bayan Azahar, babur yana nishi. Alhaji ya shiga garke ya dafa kowane tozo, ya buɗe baki ya duba haƙora, ya saye biyar ɗin gaba ɗaya, ya ce mota za ta zo da sassafe. Malam Abdulhamid ya yi ta sa albarka, har da Ɗan Juma a ciki. Jin an sa masa albarka, hular da ta wuni a miƙe ta fara komawa karkace.

A hanyar dawowa ya fara. "Alhaji, in ka diba da kyau, ai dabarata ce ta yi aiki. Ba a koro shanu ba, kuma an saida."



Ba su yi nisa ba aka ji fus daga baya. Babur ya yi tangal-tangal ya tsaya. Suka sauka. Tayar baya ta kwanta shame-shame, har bakin ƙarfen ya lotsa, ta gaba kuwa lafiyarta lau. Ɗan Juma ya tsuguna ya dubi tayar. Ya ɗago ya dubi Alhaji daga sama har ƙasa. Ya sake duban tayar. Leɓensa ya fara rawa.

"Ɗan Juma," in ji Alhaji, "in kalmar kilo ta hito bakinka, nan zan kwantar da kai in yi bismilla."

"Ban ce komi ba, Alhaji. Izni nika nema in yi 'yar magana."

"Guda nawa?"

"Guda ɗai."

Alhaji ya kakkaɓe babbar riga, ya saɓa ta a kafaɗa, ya kama hanyar Mafara a ƙafa.

"A'a," in ji shi, ko waiwaye bai yi ba. "Turo babur."